Takunkumin da Yaya Ya Ƙi Ɗaurawa

A layinsu kowa Anti Tela yake ce mata. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a ɗakin gaba na gidansu, kekenta na fuskantar taga. Da wannan keken take riƙe kanta da tsohon mahaifinta, wanda ciwon asma ya zaunar a ɗakin baya.

Da annoba ta zo aka rufe makarantu, aiki ya tsaya cak. Sai ta zazzage buhun guntayen yadi ta hau ɗinka takunkumin rufe hanci da baki, ninki uku, da robar maƙalawa a kunne. Da roba ta yanke a kasuwa, ta koma yanka tsofaffin singileti tana yin igiya da su. Ta kai wa masu shara, ta kai wa mai wanki, sauran ta rataye a ƙofa don duk mai shigowa ya ɗauka.

Mutum ɗaya ne ya ƙi: yayanta, direban babbar mota. Ranar da ya dawo daga tafiya yana tari, ta tare shi a bakin ƙofa ta miƙa masa.

"Yaya, don Allah ɗaura kafin ka shiga wurin Baba."

"Ni jaki ne da za ki sa mini takunkumi?" Ya yi dariya ya ture hannunta. "Ke dai kin samu sana'a. Matsa in gaida ubana."

Ya shige, ya zauna a gefen gadon tsohon, har ruwa suka sha a kofi ɗaya. Ita kuwa tana tsaye da ƙyallen a hannu.

Ba a jima ba numfashin Baba ya fara sarƙewa. Aka kai shi inda ake killace masu cutar, aka hana kowa shiga. Ta waya aka gaya mata ya rasu. Ko fuskarsa ba ta ƙara gani ba.

Zaman makoki bai gama watsewa ba sai ga Yaya a ɗakin ɗinkinta, yana sosa ƙeya. Wai 'yan sanda sun ce babu direban da zai wuce shinge ba takunkumi.

Ta cire ƙafa daga kan keke.

"Au, 'yan sanda? Ashe kana jin magana, wanda zai faɗa maka ne ba ka samu ba. Na roƙe ka don huhun Baba ka yi mini dariya, yau don motarka ka zo da ƙafarka."

"Ke, kwana ne ya ƙare. Likita ma ya ce ba a san wanda ya sa masa ba."

"Ni ma ban ce na sani ba. Abin da na sani, na miƙa maka ka ture."

Ta zaro guda biyu ta ajiye a kan taga, ta ci gaba da ɗinkinta. Ya ɗauka ya fita.

Annoba ta wuce, fushinta bai wuce ba. Matar Yaya ta sha zuwa biko, tana cewa mutumin nan ya rame, ko abinci ba ya iya ci sosai.

"Ki yi haƙuri, Anti, jininki ne."

"Na sani," in ji ta. "In ya gaishe ni ina amsawa. Amma kada ki ce in yi dariya da shi, ban kai nan ba tukuna."