Sojan da Baba ya mayar min

Ni dai a wasan ces, darar nan ta Turawa, ban taɓa iya haƙuri ba. Tun a taku na biyu nake tura farin soja ɗaya inda za a cinye shi a banza, don hanya ta buɗe in afka wa sarkin abokin wasa. Masana abin suna ce masa gambit. In ya yi kyau a ce da kai gwani, in ya ɓaci ka tashi kamar kazar da ruwa ya daka.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Keffi, ana ta aikin faɗaɗa titin Abuja. Abokin wasana wani dattijo ne mutumin Agwada, Kirista, tsohon malamin gona, yana haya kusa da mu a unguwar Liman Abaji. Kullum in na idar da la'asar mukan ɗora allo a kan benci a gindin mangwaron gidansu. Ina ce masa Baba, yana ce min Tica.

Baba bai taɓa ƙin sojan nan ba. Na sha gaya masa, "Baba, tarko ne fa." Sai ya ɗauke shi ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya ce, "A gidanmu ba a mayar da hannun kyauta baya." Shekara huɗu muna haka, ko sau ɗaya bai ci ni ba. Ni kuwa har da tsokana, wai Baba ya fi kowa iya cin kyauta ya kwana da ciwon ciki.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. 'Yarsa da ke aiki a Abuja ta ce dole ya koma wurinta. Ana gobe zai tafi ya ce, "Tica, sau ɗaya tak nake so in ci ka, in samu labarin ba jikoki."

Ranar kuwa ya riƙe min wuya. Ya karɓi sojan, ya tsare gidansa tsaf, harina ya tsiyaye. Na ƙara ba da doki, a banza. Gumi ya keto min. Saura taku biyu ya gama da sarkina, na gani, shi ma ya sani. Ya miƙa hannu zai ɗauki sarauniyarsa, yatsunsa suka sauka a kan sarkinsa, don a idonsa duk dogaye ne. Ya ɗaga, ya shafa kan, ya ce, "Af!"

Akwai doka a wasan, abin da ka taɓa shi za ka motsa. A gindin mangwaron nan ba mu taɓa bin ta ba. Ni kaina na sha janye taku yana min dariya. Amma wallahi sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ka taɓa."

Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Haka ne, Tica, na taɓa." Ya matsar da sarkin gida ɗaya. A taku shida na gama da shi. Ya ba ni hannu, ya ce in gaida iyali.

Sai da na koma gida na ga farin soja ɗaya babu, ya tafi a aljihunsa. Na ce zan karɓa in na je gaishe shi. Keffi zuwa Abuja wace tafiya ce? Kunya ce ta hana ni, ba komai ba. Na riƙa sa murfin kwalba a gurbin sojan.

Ban je ba har Baba ya rasu. Bayan an binne shi a Agwada, 'yar ta biyo ta gidanmu. Ko zama ba ta yi ba, ta miƙo min ƙullin hankici. "Malam, Baba ya ce a kawo maka. Ya ce in gaya maka wannan karon bai karɓa ba."

Na tambaye ta ko da dariya ya faɗa. Ta ce ba ta lura ba, lokacin numfashinsa ya yi nauyi.

Wannan abu yana cina har yau. Sojan yana nan a cikin hankicin, na kasa ɗora shi a allo. Da murfin kwalba nake wasa.