Gaisuwar Mai Farfela

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai fito ne a kogin Kwara, kusa da Bagudo. A cikin kwalekwale ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunan shinkafa da babura. Bai taɓa taka filin jirgin sama ba, amma ban san wanda ya kai shi son jirgi ba. Kuma ba kowane jirgi ba, guda ɗaya tak: wani tsohon jirgin fasinja mai farfela biyu da ke tasowa daga wajen ƙasar Benin ya bi ta kanmu ya nufi arewa. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, da wani gurnani mai kauri da mutum ke ji a ƙirji tun kafin ya hango shi. Da Kawu ya ji shi, ko a tsakiyar ruwa ne, sai ya ɗora filafili a cinya ya ɗaga kai har ya ɓace. Fasinja su yi ta mita, mata masu kai kaya Zagga su ce zai kifar da su saboda abin da bai san da zamansa ba. Ko a jikinsa.

Ba shi kaɗai ke da wannan ciwon ba. Akwai abokansa biyu, wani tela da wani mai gyaran rediyo, da suke zama bayan la'asar a ƙofar shagon telan. Na sha jin su suna gardama har jijiyar wuya ta tashi, wai injin hagu ya fara tari, wai an canza direba don na yanzu ya fi karkata yamma. Mutanen da ko tayarsa ba su taɓa gani ba! Ni da na yi boko har na zama malamin firamare, dariya nake musu. Nakan ce, Kawu, ga jirage na zamani can suna zuwa Makka cikin yini ɗaya. Sai ya ce waɗannan da ke ja wa sama farin zare ba su da gaisuwa, wucewa suke kamar an yi musu laifi. Nasa kuwa ya yi shekaru yana aiki, bai taɓa jin an ce ya zubar da kowa ba, kuma mai ɗaukar rayukan mutane shi ya san nauyin wannan.

Sai jirgin ya daina zuwa. Babu wanda ya yi sanarwa, shiru kawai aka ji. Telan ya rasu, mai rediyo ya koma wurin 'ya'yansa a Kende, Kawu kuma idonsa ya fara dishi-dishi. Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ya ja ni gefe ya ce ganin tafiya yake, kuma ba mai dawowa ba ne, magani sai dai ya rage masa sauri. Ban iya ɓoye wa Kawu ba. A mota, da muka kusa gida, sai ya ce shi ya ga 'ya'yansa, ya ga jikoki, abu ɗaya ya rage da yake so ya gani kusa da kusa kafin ido ya rufe. Ban tambaye shi ko mene ne ba.

A waya na samo jirgin. Ashe duniya cike take da irin su Kawu. Na tarar da wani zaure na masoya tsofaffin jirage, daga ƙasashe barkatai, suna ta sa hotunan irin wannan jirgin suna yabonsa, wani ya ce a cikinsa ya fara tafiya, wani ya ce ubansa ne ke gyara shi. Daga ranar na bar yi wa su Kawu dariya. Cikin hotunan akwai wani da aka ɗauka a wani ƙaramin filin jirgi a arewacin Benin, an ajiye shi a gefe cikin ciyawa. Na yi tambaya, aka tabbatar min shi ne mai bin hanyarmu.

Lokacin damina ta yi tsakiya. Ruwa ya cinye hanyar kan iyaka, babu ɗan kabu-kabun da zai yarda ya ɗauki tsoho ya shiga wannan laka. Muka zauna jira. Wallahi ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai a shekarar nan, ga shi kowa na murnar shinkafa ta yi kyau. Kullum na je gaida Kawu sai in lura ya ƙara matso da fuska kafin ya gane ni. Shi kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko hanya ta bushe.

Da kaka muka tafi. Babur biyu, na ɗaure shi a bayan ɗan kabu-kabun da rawani don kar gargada ta yar da shi. Muka ƙetare iyaka, muka shiga mota, muka isa da hantsi, lokacin da ya ce idonsa ya fi buɗewa. Mai gadin filin dattijo ne mai jin Dendi, Kawu ya yi masa bayani da harshensu, ya buɗe mana ba tare da wata doguwar magana ba.

Na riƙe hannun Kawu muka ratsa ciyawa. Jirgin ya fi yadda nake zato girma, kuma ya fi yadda nake zato lalacewa. Tayoyi sun nutse cikin ƙasa, fenti ya ɓare, ƙofa a hangame, kashin tsuntsaye ya yi fari a kan farfela. Muka tsaya a ƙarƙashin fiffike, inuwarsa ta rufe mu. Ina jira in ji abin da zai ce, sai ya juyo gare ni.

"Ɗana, da saura nisa?"

Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Sai na kama hannunsa na ɗora a jikin ƙarfen. Ya tsaya cak. Ya gane.

Bai yi ƙorafi ba. Ya fara bin jikin jirgin da tafin hannu, a hankali, yadda yake duba katakon kwalekwale idan yana neman inda ke yoyo. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, ya bi layin ƙusoshi da yatsa. Da ya kai ƙofar ya ji ta a buɗe, ransa ya ɓaci. Ya ce wa mai gadi a wurinsu ba a barin abin da ya ɗauki mutane baki buɗe ruwa na shiga, idan kwalekwale ya tsufa jawo shi tudu ake yi a wanke shi a kife. Wannan ba ya kifuwa, to a rufe masa ƙofa. Ni da mai gadin muka tura da ƙyar har ta rufu.

Daga nan ya nemi butarsa. Mai gadi ya kawo benci, na tallafe shi ya hau, ya jiƙa gefen rawaninsa ya shiga goge farfelar, iya inda hannunsa ya kai. Ya daɗe yana yi, yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da na iya ji kawai shi ne, "Sannu da aiki. Sannu ƙwarai."

Da ya sauko ya ce in ja da baya in tsaya inda zan gan shi duka, tun daga hanci har wutsiya. Na je na tsaya. Ya ɗaga murya ya ce in faɗa masa yadda yake, kar in rage komai. Na faɗa masa tsawonsa, da jerin tagoginsa, da shuɗin layin da ya ratsa cikinsa, har da tsatsar. Yana tsaye a rana, fuskarsa na kallon wani gefe daban, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce in sake daga farko.