Matar da Ta Tsallake Ni Sau Uku

Jikata ce ta tono wannan zance, ita da tabarmarta ta roba. Ran nan na shiga ɗakinta a gidanmu na unguwar Waziriyya a nan Jidda zan ɗauki almakashi, sai na tarar da ita a miƙe rigingine, tafin hannu a buɗe, ido a rufe, tana jan iska ta hanci tana sakinta a hankali. Wallahi sai da na dafa ƙofa. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Sitti, yoga ce, kar ki tsorata." Wai kar in tsorata! Yarinyar da Hausarta ma sai an lallaɓa, ita za ta gaya mini wannan kwanciya. Ni na san ta tun ba a haifi uwar yarinyar nan ba, sai dai mu ba mu taɓa jin wannan suna ba.

A unguwar Ammariyya na tashi, a wani lungu da in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bangon nan da na can. Babana yana dako a tashar jirgin ruwa, ba ma ganinsa sai magariba. Gidan a hannun kakata yake, uwar babana, wadda ke soya gyaɗa a yashi tana sayarwa a bakin titi. Tsohuwa ce mai ido. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa, shekaru tana hanya, ta binne 'ya'ya biyu kafin ta ga teku. Wanda ya sha irin wannan ba ya yarda da mutum don ya yi masa murmushi, kuma ban taɓa ganin laifinta a kan haka ba.

Ni kuwa da fuka aka haife ni. In zafin Jidda ya sauko da gumin nan nasa mai danƙo, ƙirjina sai ya riƙa kuka kamar ɗan kyanwa. An kai ni makarantar allo, ihun karatu ya gagare ni, ina ɗaga murya sai tari ya turnuƙe ni. Makarantar gwamnati ta 'yan mata kuwa takarda take tambaya, mu kuma takardunmu ba su kammala ba. Sai innata ta ji labarin wata mata da ke tara yara a saman soronta a ƙarshen lungu, ba ihu, ba bulala. Ta kama hannuna ta kai ni, ba ta ko shawarci surukarta ba.

Malama muke ce mata. Doguwa ce siririya, Bahaushiyar Sudan, mijinta ya rasu tun tana yarinya, ba ta kuma sake aure ba, ba ta da ɗa ko na tsinuwa. Ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwa Ba'indiya a cikin gari, a can ta koyi karatu da rubutu da lissafi, a can kuma ta koyi wannan miƙa da jan numfashi. Da tsohuwar ta rasu, sai ta dawo cikinmu ta ce abin da ya rage mata a duniya na yara ne.

Makarantar tata ba ta kama da ta kowa. Faranti ne cike da yashin bakin teku, a ciki muke rubuta baƙi da ɗan yatsa, in ka ɓata ka shafe, ba mai zaginka. Da ƙwallon dabino muke ƙirga. Kowa na da gwangwaninsa da ya shuka wake, kullum sai ka faɗi abin da waken ya yi tun jiya. Muna karanta Fatiha da ƙananan surori, amma a hankali. Kafin duk wannan sai mun yi miƙa: mu tsaya da ƙafa ɗaya, mu dafa ƙasa mu gantsare, mu zauna mu harɗe ƙafafu. Ta ce cikin mutum tulu ne. "Cika tulun," in ji ta, ta ƙirga huɗu. "To, juye shi, kar ki zubar da garaje." In za a tashi, sai mu kwanta rigingine a jere, mu rufe ido, ita kuma ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana dafa mana ciki. Iskar teku na kaɗawa, kana jin mai ruwa a ƙasa yana kiran ciniki. A wannan kwanciya na fara sanin cewa ashe mutum na iya numfashi ba tare da kokawa ba.

To amma soro ba ya ɓoye sirri. Matan da ke shanya a makwabta suna gani, kuma abin da ido ya gani da hantsi, kafin azahar ya isa bakin kaskon kakata.

Kakata ba ta hana ni zuwa ba. Dabara ta yi. Kullum na dawo sai ta zaunar da ni kusa da ita, ta cika mini hannu da gyaɗa mai zafi, ta ce, "Yau me baiwar Allahn nan ta sa ku?" Ni ko, ka san yaro da son a saurare shi. Na lura in na ce mun rubuta baƙi, ba ta ko ɗago kai. In na ce mun tsaya da ƙafa ɗaya mun fuskanci gabas, sai ta ajiye matsami. Don haka na koyi inda ake ƙara gishiri. Ranar da ta tambaye ni kwanciyar, da bakina na ce, "Kamar gawa take jera mu, Kaka, sai ta bi tana taɓa mu." Ita Malama kwanciyar hutu take ce mata. Gawar nan ni na ƙago ta, don gyaɗa.

Daga nan kakata ta shiga haɗa ɗaya da biyu. Mace ba miji, ba ɗa, me take nema da 'ya'yan mutane? An kai mata ɗan abin alheri ta mayar, kakata ta ce wanda ba ya karɓar komai, wani abin yake karɓa. Ga babbar: ba ta cin nama. Zama da tsohuwar Ba'indiyar ne ya sa cikinta ya saba, ko na layya aka kai mata sai ta raba mana. "Ba ta cin na dabba," in ji kakata, ta rage murya. "To na me take ci?" Ba wanda ya furta kalmar, amma kowa ya san mayya ake nufi, mai kama kurwar yaro ta cinye, yaron ya yi ta ramewa har ya mutu. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu. Innata ta dage, ta ce ita dai ta ga ƙirjin 'yarta ya yi sauƙi. Aka sa mini laya a wuya, aka ci gaba da zuba ido.

Bayan hajji na wannan shekarar, irin zazzaɓin da jirage kan bari a gari ya kama ni, fukar ta taso a kansa. Kwana biyu ina haƙilo. A rana ta uku da la'asar iska ta ƙi shiga. Ina tuna rufin ɗakin yana nisa, ina neman in cika tulun, na manta ƙirgen. Abin da nake so a duniya shi ne hannun nan a kan cikina da muryar da ke ƙirgawa. Sai na shiga kira: "Malama! Malama! Ku kira Malama!"

Kai da ba ka tashi cikinmu ba, ba za ka gane abin da na yi ba. A wurin mutanenmu, maras lafiya in ya kama sunan mutum cikin zafin ciwo, to ya faɗi wanda ya kama kurwarsa. Ba a neman wata shaida. Maganin kuma ɗaya ne: a zo da mutumin ya tsallake maras lafiyar sau uku, ya sakar masa kurwa. Wanda ya yarda ya tsallake ya amsa laifi ke nan a gaban jama'a, har jikokinsa da tambarin za su tashi.

Kakata ko mayafi ba ta gyara ba ta fita. Kafin a jima tsakar gidanmu ta cika da mata, aka fito da ni kan tabarma. Ina ganin Malama ta shigo, hannunta da sauran yashin faranti. Da ta hango ni sai ta nufo ni kai tsaye, kakata ta tare ta.

"Ba za ki taɓa ta ba sai kin tsallake ta."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ba rantsuwa na ce ba. Ta kama sunanki, kowa ya ji."

Wata daga baya ta ce in ta ƙi a kai ta wurin hukuma, ai ko iƙama, takardar zaman ƙasa, ba ta da ita. Malama ba ta ko waiwaya ba. Ni take kallo, leɓena take kallo, don innata ta gaya mini daga baya ya riga ya yi baƙi. Tana da hanyar fita: ta juya ta tafi, gobe ta nemi liman da dattawa, ta yi rantsuwarta, wataƙila a wanke ta. Amma goben nan ba ta tabbata zan kai ba.

Ta cire takalmi. Ta tattare zane. Ta tsallake ni, ta dawo, ta sake tsallakewa. A na ukun matan suka ɗauki salati. Ita ko ta durƙusa, ta tashe ni zaune, ta jingina bayana a ƙirjinta, ta ɗora hannu a cikina. "Kar ki ja tukuna," ta ce a kunnena. "Juye na ciki. A hankali. Yawwa, 'yata. Yanzu cika: ɗaya, biyu." Ta sa innata ta kawo ruwan zafi a kwano ina shaƙar tururin. Haka muka zauna har aka kira magariba, iska ta fara samun hanya.

Na warke. Kuma warkewar tawa ita ta gama da ita. Da na mutu, da wasu sun ce ƙaddara ce. Amma an tsallake yarinya ta tashi, wace hujja kuma ake nema? Cikin mako guda soron ya zama ba kowa. Waken da muka shuka ya bushe a gwangwanaye, ana hango shi daga wurin shanya. Na gaya wa innata cewa ƙirge nake nema shi ya sa na kira ta. Ta toshe mini baki ta ce in yi shiru, ita ma a tsorace take, don an fara cewa ita ta kai 'yarta mahauta. Kakata kuwa ban gaya mata ba. Ban kuma ce mata zancen gawa ƙarya ne ba. Tsoro na ji, gaskiyar ke nan, tsoron kar a ce mayya ta mallake ni.

Akwai abin da ya fi wannan. Wata safiya muna wasa a bakin lungu, sai ga ta da ƙunshin kayanta a ka, za ta bar unguwar. Yaran suka ɗauki abin da ake koya mana mu faɗa wa mayu, suna tsalle. Suka dube ni, ni da aka ce an ci aka amayar. Na buɗe baki na fi kowa ƙarfi: "Mayya! Kurwata kur! Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa!"

Ta tsaya. Na zaci tsinuwa za ta yi, har na ja da baya. Sai ta ɗan karkata kai, irin yadda take yi in tana sauraron ƙirjin yaro.

"Duka da numfashi ɗaya kika faɗe shi," ta ce. "Madalla. Kar ki bar cika tulun."

Ta gyara kayanta ta wuce. Ban ƙara ganinta ba.

Sai da na yi aure na haihu na ji inda ta ƙare, daga bakin wani direba da ya ga ina koya wa ɗana baƙi a farantin yashi. Ya ce a can kudancin gari, cikin bukkokin leburori, wata tsohuwa ta koya masa haka, shi da yara ba iyaka, har ranar da ƙafarta ta daina ɗaukarta. Na ce ya kai ni. Ya ce ai ta rasu shekara biyu da suka wuce, yaran da ta koyar su suka ɗauki makararta.

Yanzu lungunmu na Ammariyya ba ya nan yadda na san shi, tsofaffin da suka yi salati a tsakar gidanmu duk sun riga mu gidan gaskiya. Jikata mota ke kai ta wani ɗaki mai sanyi da madubai, a kwantar da su a jere, ba mai leƙe ta katanga. Ni fukar ba ta rabu da ni ba, ina da abin fesawa a jaka. Amma kafin hannuna ya kai gare shi, cikina ya riga ya fara ƙirge.

Ranar nan da na dafa ƙofa, ban ɗauki almakashin ba. Na ce wa yarinyar, "Kina zubarwa da garaje." Na lallaɓa na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ɗora hannu a cikinta na ƙirga mata huɗu. Ta zaro ido ta ce, "Sitti, wa ya koya miki?"

Na ce, "Malamata."

"Ya sunanta?"

Na buɗe baki, sai na tarar ban sani ba. Suna biyu kawai na taɓa kiranta da su, Malama da mayya, kuma da na biyun na yi mata sallama.