Sunan da Adda Ba Ta Faɗa Ba

Malam Edita, haƙƙin uwa a kan ɗanta sananne ne: ya rufa mata asiri, ya tsare mutuncinta, kada ya kai ta inda za a ɗaga mata murya. Haka kuma duk hukumar da ta ɗora wa kanta aikin sulhunta iyaye da 'ya'yansu, wajibi ne ta san al'adar mutanen da za ta zaunar kafin ta buɗe baki. Na farkon ni na tauye shi, na biyun wani ofishi ne a birni ya tauye, kuma dalilin rubuto maka ke nan.

A lokacin ni akawun kotu ne a Katsina, mai kula da kundin shari'u, mutumin da ya yi imani cewa abin da ba a furta ba kuma ba a rubuta ba, bai auku ba. An haife ni a wata ruga kusa da Babban Duhu, kuma ni ne ɗan fari. Kakata ce ta yaye ni, tana kirana mijinta tana zolayata wai ko kuɗin cefane ba na bayarwa. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce wancan. Laƙabina na ranar da aka haife ni ne, don haka ranar ma ba ta ambatonta, sai dai ta ce ranar kasuwar Batsari.

Wannan bai dame ni ba sai shekarar da aka zo ɗibar yara makarantar boko, dab da samun mulkin kai. Da yaran dagaci suka iso rugarmu, Adda ta ɓoye ƙanena a rumbu, ni kuwa aka kama hannuna a gabanta tana damun fura, ba ta ko ɗaga kai ba. Da wannan hoton na yi karatu, da shi na kama aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu na rage zuwa gida, in na je ma gaisuwa ce a tsaye. Da arzikin mai ya shigo, albashi ya ƙaru, na sayi babur, sai na riƙa wucewa ta Safana, kusa da rugarmu, ba na ratsewa.

Ana nan sai aka kawo wani jami'in jin daɗin jama'a, matashi mai ladabi, wanda ya yi karatun gyaran zumunci a ƙasar waje. Na ba shi labarina. Ya ce ciwona sananne ne a littattafansu, maganinsa kuma shi ne a zaunar da ni da ita fuska da fuska, kowa ya kira sunan ɗan'uwansa, ya faɗi abin da ke ransa. Na ji daɗin maganar, domin ta yi kama da shari'a, ni kuwa shari'a na sani. Na aika wa Adda cewa ana nemanta a ofis. Jin kalmar ofis ya sa ta zaci wani abu ya same ni, ta shigo motar kasuwa tun da safe tare da kawuna, ƙanenta, da ƙullin man shanu a hannunta.

Abin da ya faru na rubuta shi a ranar, don haka ba na ƙari. An ba ta kujera, ta ce tabarma ta fi mata, aka ce tsarin bai yarda ba. Aka juya kujerar ta fuskance ni, ga kawuna, ga masinja, ga mai buga tafireta. Na karanta ƙorafina daga takarda kamar mai gabatar da ƙara. Sannan jami'in ya ce ta dube ni ta kira sunana. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawuna ya ce ranka ya daɗe, ɗan fari ne fa, ko alƙali ba ya tilasta wannan. Jami'in ya amsa cewa irin wannan kunya ita ce ainihin cutar, kuma in ba ta faɗa ba, dole ya rubuta cewa ta ƙi ɗanta. Sai Adda ta yi magana, ba da ni ba, da bango. Ta ce a tambayi yaron nan mai alƙalami, wato jami'in, ko ya taɓa jin nagge ta kira sunan maraƙinta, kuma ko ya taɓa ganin ta ɓatar da shi a cikin garke. Ta ajiye man shanun a ƙarƙashin kujera, ta fita. Ni da nake da ikon tsayar da zaman da kalma ɗaya, ina zaune ina jiran in ji sunana.

Labari ya riga ta isa gida. Mata a rijiya suka riƙa tambayarta wai yaushe za a koma kotu a ƙarasa karatun suna. Ta daina kai nono kasuwa. Da na je, ta shige ɗaki ta saki labule.

Goggona, yayar mahaifina, ita ce ta zaunar da ni. Ta fara da cewa boko ya ba ni ido ya karɓe mini gani. Ta ce ranar da aka tafi da ni, da Adda ta roƙa a bar ni, da ta zama abin faɗa a rugage har ta mutu, domin mace ba ta nuna ɗan fari nata ne; ƙanena kawai al'ada ta ba ta damar ɓoyewa. Amma Adda ta ɗauki gatari wai za ta itace, ta bi sawunmu daga nesa har bakin rafi, ta dawo ba ko tsinke. Kuma duk ranar kasuwar Safana sai ta tsaya wurin direbobi tana tambayar lafiyar yaran makaranta, dukkansu, don kada a gane wanda take nufi.

Goggo ce ta yi ta kai da kawo tsakaninmu, yadda ake sulhu a wurinmu: ba a haɗa ido, ba a ƙure kowa. Kafin aikin ya nuna, ciwon ajali ya kama Adda. Na durƙusa a bakin ƙofarta na nemi gafara. Sai ta ce wa Goggo a shaida, ta yafe wa yaran makaranta, dukkansu. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma sai a ranar na iya karanta shi.

Ban ce neman magani ga zumuncin da ya yi tsami laifi ba ne. Raunina na gaske ne, kuma yana bukatar mai dubawa. Amma ina gargaɗin 'yan'uwana ma'aikata: kafin ka kai iyayenka gaban baƙo, nemi wanda ya san harshen shirunsu.

A ƙarshe, ina roƙon hukumar da ke kula da irin waɗannan ofisoshi, cikin girmamawa, da ta binciki yadda ake gudanar da zaman sulhu, ta kuma wajabta shawartar dattawan dangi kafin a kira kowace uwa. Sannan akwai fayil mai ɗauke da sunana, inda aka rubuta cewa mahaifiya ta ƙi amincewa da ɗanta. A matsayina na wanda ya san nauyin abin da ya shiga kundi, ina neman a soke wannan layi. Ƙarya ce aka yi wa matar da ba ta da bakin kare kanta yanzu, kuma ni ne shaida.