Kartar Orville ta Ranar Alhamis

Shekara talatin da ɗaya Loretta Vandehey ta yi tana sakatariyar majalisar garinmu, ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Maƙwabciyata ce, na san halinta sarai. Ka zo sabunta lasisin karenka, ƙarfe huɗun tashi ta wuce da minti biyu, sai ta nuna maka agogo da biro ta ja labule.

Mijinta Orville kuwa bawan Allah ne, tsohon direban motar madara. Abu ɗaya ke faranta masa rai a duniya: kartar Alhamis da yamma. Shi da Duane da Merle da Butch, a teburin kicin, ga cuku ga giya, suna zagin juna tun suna samari.

Kwatsam sai ga takarda daga babban birnin jiha. An tsaurara doka: kansila uku cikin biyar suka haɗu, har maganar gari ta gifta, to zaman majalisa ne. Sai an liƙa sanarwa awa ashirin da huɗu kafin nan, an buɗe wa jama'a ƙofa, an rubuta abin da aka ce. Garin da bai kai mutum ɗari huɗu ba, wa ke son kujerar kansila? Waɗanda aka lallaɓa suka karɓa, ai su Duane ne su ukun.

Loretta ta samu abin yi! A coci ta raba musu benci. Ranar Juma'a da ake taruwa cin soyayyen kifi ta sa Butch ya ci nasa a mota. Sannan ta waiwayo kicin ɗinta.

"Haba Loretta, karta ce fa!" in ji Orville.

"Makon jiya na ji Merle ya ce hanyar maƙabarta duk ramuka. Maganar gari ke nan."

"To ƙarya ya yi? Liƙa sanarwar mana."

"In liƙa caca a allon majalisa? Da raina? Tsoho, kama kanka. Biyu su zo, ɗaya ya zauna gida."

Wasan nasu na mutum huɗu ne, biyu-biyu. Shi ke nan wasan ya mutu. Shekara biyu ina hango Orville ta taga duk Alhamis, yana jera karta shi kaɗai, abin yana ƙona min rai.

Da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, likitan asibiti ya ce a mai da shi gida, kwanaki suka rage. Ranar Laraba ya ce, "Loretta, kira min 'yan iskan nan. Duka ukun."

Ta ƙi. Duane ya zo har ƙofa, hula a hannu. "Baiwar Allah, wa zai kai ƙararmu? Mutumin nan tafiya yake."

"Dokar ba ta ce ban da mai tafiya ba," in ji ta.

Amma a yi mata adalci, ta sassauta, irin nata sassaucin. Ranar, ƙarfe huɗu saura minti biyar, ta liƙa sanarwa: Zaman kansiloli, gidan Vandehey, Alhamis ƙarfe huɗu. Abin tattaunawa: karta.

Orville ya cika ranar Alhamis da hantsi.

Ba wanda ya cire sanarwar. Ƙarfe huɗu rabin garin ya cika kicin ɗin, tunda dai doka ta ce ƙofa a buɗe. Su ukun suka zauna. Duane ya raba karta kashi huɗu, Butch yana ta jan hanci. Loretta ta ɗauko takardar zama, wallahi ba ƙari, ta rubuta lokaci, ta rubuta mahalarta uku. A ƙasa ta rubuta: Orville Vandehey, bai halarta ba.

Gaban wannan akwai layin da ake sa dalilin rashin halarta. Ta ɗora biro a kai ta tsaya. Ina tsaye a bayanta, amsar tana bakina, na haɗiye.

Takardar tana cikin fayil ɗin majalisa har yau, kowa na iya neman gani. Cikin shekara talatin da ɗaya, layin nan kaɗai ta bari ba ta cike ba.