Yaya Garba da Sojojin Chana

Damina goma sha tara ke nan da muka binne yayana Garba a nan Kontagora. Bana ne tunaninsa ya fi damuna, kuma jikana Nura ne sila.

Yaya tsohon soja ne. Da aka gama yaƙin basasa, ina 'yar makaranta, sai aka ba shi aikin kai akwatin kayan sojan da bai dawo ba ga iyayensa. Ya je Nasko, ya je Zugurma, ya shiga ƙauyukan Rijau, gidan Musulmi da na Kirista. A gidan farko, wata tsohuwa ta kawo masa ruwa kamar yadda ake yi wa baƙo, ya karɓa ya sha. Ganin ya sha, ta ɗauka gaisuwa ya kawo, ta rangaɗa guɗa, ta sa a kamo kaza. Tun daga ranar, duk ƙishinsa, sai ya faɗi abin da ya kawo shi kafin ya taɓa kwanon ruwa.

Da ya tsufa, fim ɗin yaƙin Chana ya zama abokin hirarsa. Bayan la'asar zai sa kaset, ya miƙe ƙafa a tabarma. Yana son yadda matan ƙauye ke ɗinka wa sojoji takalma, su kai musu abinci har bakin daga. Amma da soja ya faɗi rungume da tuta, kiɗa ya tashi, sai Yaya ya yi salati ya ce, "To, wa zai je gidansu?" Mu yi ta dariya, Allah ya yafe mana. Ya taɓa ce mini, "Su maƙiyinsu daga ƙetare ya zo, shi ya sa fim ɗin ke daɗi. Mu wanda muka harba, wataƙila a tashar Minna muka taɓa cin abinci tare."

Yau an fassara finafinan da Hausa, suna cikin wayar kowa. Nura, da na raina tun rasuwar uwarsa, ya haddace su. Ga shi kuma dangin mijina na wajen Sahon Rami sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga sun cika mana zaure. Sai Nura ya cike takardar shiga soja, ya ce albarkata kaɗai yake jira.

Me Yaya zai ce? Na juya, na sake juyawa. Bai taɓa zagin kaki ba, har ya rasu yana goge takalminsa. Na san zai ji kunyar ganin manomi yana tsoron gonarsa. Amma na kuma san abin da ya gani a idon iyaye mata, abin da fim ke tsallakewa. Duka biyun ya bar mini, bai gaya mini wanne ya fi nauyi ba.

Jiya da hantsi Nura ya same ni ina tsince shinkafa.

"Amarya, shirun ya isa haka. Ko kishin bindiga kike?"

"Tafi can, wa ke son miji mai kan kwakwa? Miƙo takardar."

Na sa tabarau na bi ta layi-layi, har na iso inda ake rubuta wanda za a sanar idan wani abu ya faru. Sunana ne, da unguwarmu, har da kwatancen bishiyar mangwaron ƙofar gida.

Na ce masa Allah ya yi albarka, Allah ya tsare. Shinkafar dai sai maƙwabciya ce ta ƙarasa tsince ta.