Wanda Ya Riƙe Igiyar Awo

Duk shekara idan ruwan kogi ya janye, iyakokin gonakin fadama sukan ɓace, sai hakiminmu ya fito da igiya a sake auna wa kowa nasa. Hoton awon waccan shekarar a wayar ƙanwata na gan shi, ranar da ta zo daga Haɗeja. Ga hakimi da rawaninsa, ga mai riƙe masa bakin igiya yana ta murmushi, sanye da rigar da kowa ya san hakimi ne ya ba shi. Mutumin nan kotu ce ta ɗaure shi kan lalata wata ƙaramar yarinya, kuma bai daɗe da fitowa ba. Gonar da ke jikin tamu aka ba shi.

Gabana ya faɗi, don 'yata ta fari ce mai kai wa babanta abinci gona, ko firamare ba ta gama ba. Hanyar kuwa ta cikin ciyawar kacala take, wadda ta fi mutum tsawo.

Na tari maigidana da hoton. Ni ban iya kwana-kwana ba.

"Malam, ka ga maƙwabcinka?"

"Na gani. An ce ya tuba."

"Tuban muzuru. In ba za ka je fada ba, ni zan yafa gyale in je."

Ya tafi da safe. Na kasa zama, na share tsakar gida, na sake share ta. Tun kafin azahar ya dawo.

"Ko rabin maganar ban kai ba aka ce, 'Hakimi ya gaishe ka.'"

A fada, idan bafade ya faɗi haka, an sallame ka ke nan, sai ka yi godiya ka tashi.

"Wane ne ya faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi. Yana zaune dab da ƙafar hakimi."

Gonar nan ita ce cinmu, ba mu da wata. Daga ranar ni na koma ɗaukar kwanon abincin. Yarinyar ta yi ta tambayata laifin me ta yi, na ce ba ta yi komai ba, ta zauna kusa da kakarta.

Wata rana ina fitowa daga cikin kacala na sami mutumin nan tsaye a kan iyaka. Ya rusuna ya gaishe ni cikin ladabi. 

Ya ce, "Ina 'yar tawa? Kwana biyu ban gan ta ba."